Ƙarar Jan Babur a Naif

Kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne wawan wannan labari. Na yarda. Amma a yi mini adalci, wawa ne mai furfura da aka taɓa shi a inda yake masa ciwo.

A shekarun da nake ɗaure kaya a wani shagon kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a Naif, wata unguwar 'yan kasuwa a ƙasar Larabawa, muna da majalisa duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bakin shagon wani Ba'indiye mai shayin karak, irin mai kaurin madara. Kowa da fanninsa. Akwai mai siyasa, akwai mai labarin biza, ni kuwa babur ne nawa. Na taɓa mallakar babur a Kano ina saurayi, lokacin da unguwarmu kaf babu mai shi. In na soma ba da labarin yadda nake sheƙa shi zuwa Zariya in dawo tuwo bai huce ba, shayi har sanyi yake yi a hannun mutane. A boko aji huɗu na tsaya, amma a ilimin babur ni farfesa ne, kuma ni na ba kaina takardar.

Ana nan sai Allah ya jefo mana wani tsoho sa'ana, mutumin zangon Kumasi, mai gadi a wurin da ake sayar da wasu jajayen babura na ƙasar Italiya. Gadi fa kawai yake yi, bai taɓa ɗora ƙafa a kan ko ɗaya ba. Sai dai akwai shi da kunne, duk abin da masu sayarwa suka gaya wa masu saye sai ya kwaso mana. Wai kamfanin da kayan rediyo ya fara. Wai a yaƙin duniya aka ragargaza masana'antar, da aka tashi sai suka koma ƙera ɗan inji da ake liƙa wa keke. Wai ya shiga hannun gwamnati, ya shiga hannun Amurkawa, ga shi a shekarar nan masu ƙera mota na Jamus sun saye shi.

Na ce, "Kamfanin da ke ta sauya ubangida kamar akuyar kasuwa, ina abin yabo?"

Ba wanda ya yi dariya. Tambayarsa suke yi iri nawa ne. Ya gyara zama ya ce akwai tsirara wanda ba a rufe injinsa ba, akwai na tsere da sai ka kwanta a kan tanki, akwai mai dogayen ƙafafu na tafiya mai nisa. Ina zaune da Zariyata a baki, babu mai nema.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kwantar da ni shi ne ɗan ƙanwata, injiniya a wata masana'anta can bayan gari. Yaron da ni na yi masa huɗuba a kunne ya je ya sayi irin jan babur ɗin nan. A al'adarmu, in ka yi sabon abin hawa, wurin babba a danginka kake fara kai shi, ya dafa ya sa albarka. Shi kuwa tun a bakin ƙofar wurin sayar da baburan ya ce wa mutumin Kumasi ya yi masa addu'a. A majalisa na ji, daga bakin mai addu'ar, har yana nuna mana tafin hannun da ya dafa tankin da shi. Kawunsa na raye, a gari ɗaya, yana da hannu biyu! Satin nan ko igiyar kwali na ja sai in ji kamar wuyan wani nake ɗaurewa.

Juma'ar da ta biyo baya sai ga shi ya kutso lungun Naif, cikin rigar fata da hular kwano a wannan zafin da ke narka takalmi. Masu turin kaya suka tsaya, 'yan kasuwa suka fito da wayoyi. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau, ja wur. Ya cire hula ya rusuna.

"Kawu, na kawo a sa albarka."

"Ai na ji an riga an sa," in ji ni. "Ko ta farkon ba ta kama ba?"

Bai kashe injin ba, sai kunnena ya tsinci wata ƙara, kacau-kacau, kamar an zuba cokula a gwangwani ana girgizawa. Raina ya yi fari tas. Na miƙe na tattare babbar riga, na zagaya babur ɗin a hankali yadda kowa zai gani, na kara kunne, na girgiza kai.

"Yaro, an cuce ka. Injin nan ya kusa bugawa. Da ka fara zuwa wurin wanda ya san babur, da ba a kai ga haka ba."

Mutumin Kumasi ya kurɓi shayi. "Alhaji, ba lalacewa ba ne. Kulocinsa ne busasshe, ba ya cikin mai. Haka ake yinsa. Turawa don wannan ƙarar ma suke saye."

"Haka ne, Kawu," in ji yaron, murya ƙasa-ƙasa.

Mai hankali a nan zai dafa tanki ya yi addu'a ya zauna. Ni kuwa sai na ƙara murya. Na ce ba za ni sa albarka a kan gwangwani ba sai an mayar an gyara. Na ce mai gadi ƙofa ya sani, ba inji ba.

Yaron ya rasa yadda zai yi da ni, sai ya kira uwarsa a Kano, ƙanwata, wadda nake goyawa tana ƙarama. Ya buɗe muryar wayar don ta roƙe ni, majalisa duka ana ji. Muka gaisa, ta tambayi zafi, na tambayi yara.

"Yaya, don Allah ka sa wa ɗanka albarka mana. Mene ne abin rigima?"

Na ga dama ta samu, ga shaida daga gida. Na dubi mutumin Kumasi, na dubi jama'a, na matso da bakina kusa da wayar.

"Yawwa, ke ce shaidata. Kin san babur ɗina na da. Gaya musu tsakaninki da Allah, kin taɓa jin ya yi irin wannan ƙarar?"

Sai na ji ta tuntsire da dariya.

"Wallahi ban taɓa ji ba, Yaya. Ina zai yi ƙara, abin da ba ya tashi? Ba ni ce nake tura ka har bakin titi kullum ba, kana kai kana cewa in ƙara ƙarfi?"