Gayaunar Kakanmu Tanko

Wallahi wannan abu da ni ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Lokacin ina Guangzhou ina yi wa 'yan kasuwar Kano lodin kaya, ofishinmu wani ɗan matsattsen ɗaki ne a benen Tianxiu. Na gaji da garin, na gaji da zafinsa mai danƙo, na gaji da yawon kasuwar Baima ana kaɗa min hannu ana cewa "meyo", wato babu, ga rigimar gida ta biyo ni har cikin waya.

Gona ce. Yayana Sani yana shari'a da gidan da suka gaji tsohon gandun garinmu. Su suna cewa filin da muke nomawa nasu ne, mu kuwa tun muna yara abin da muka sani shi ne kakan babanmu, Tanko, ya yi wa gandun noma har aka ba shi. A can da, mai gandu shi ke zaman shari'ar mutanensa, wani malami na gefe yana rubuta duk abin da aka yanke a kundi, to kundin nan aka nema sama da ƙasa aka rasa. Da alƙali ya ga ba takarda sai ya ɗora wa Yaya rantsuwa da Alƙur'ani ranar Alhamis, shi kuwa ko a jikinsa, don ya yarda gaskiyarsa ce.

Ranar Talata bayan azahar na shiga gidan abincin wata mata 'yar Ghana, na zauna ina juya cokali, sai ga wani dattijo ya zauna gabana da riga saƙi irin wadda na rabu da gani. Na ɗauka cikin mutanen Maraɗi masu zuwa sarin kaya ne. Muka yi musabaha, hannunsa sanyi ƙalau, bai tambayi sunana ba, kawai sai ya fara magana kamar mai karanto takarda:

"An kawo Tanko gaban mai gandu. An ba shi gayauna daga tsamiya zuwa bakin rafi, ya ci iya rayuwarsa. In ya mutu ta koma gandu."

Na ce, "Baba, a ina ka san Tanko?"

Ya ce, "Ni na rubuta. Ka gaya wa ɗan'uwanka kada ya ɗora hannu a kan Littafi."

Daidai nan wani mai masana'anta daga Panyu ya kira ni, na ɗan juya in ce masa ya dakata, ina waiwayowa kujera wayam. Na tambayi mai abinci, ta ce ita dai ta ga ina magana ni kaɗai, ta zaci waya ce a kunnena. Na duba tafina sai ga baƙar tawada, irin ta allo, kwana uku ina wankewa ba ta fita ba.

Ku da kuka tashi a ƙauye kun san gayauna ɗan fili ne da ake yanka wa mai noman gandu ya samu na kansa. Mu daɗewa ce ta sa muka ɗauke ta gado.

Na kira Yaya, ya zage ni tas, ya ce zaman China ya taɓa min kai. Da na ga ba zai ji ba na haɗa shi da Inna, ta ce in ya rantse ba da yawunta ba. Ranar Alhamis ya ƙi rantsuwa, su suka rantse, gona ta tafi. Sai bayan damina biyu aka tsinci kundin a tsohon adudu a gidan jikokin wani malami, aka karanta, kalmomin nan ne ba ragi ba ƙari. Da aka turo min hoton kundin, na kasa cin abinci ranar.

Ban san wane ne dattijon nan ba, na kuma gaji da tambayar kaina. Shawarata dai, kada ku yi saurin rantsuwa a kan abin da kuka ji a bakin kakanni. Yaya ya ga kundin da idonsa, amma har yau in na kira shi matarsa ce ke ɗauka, ta ce ya fita.