Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Sau uku aka dawo mini da rubutun da na yi a kan kakana, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ni ba mai haƙuri ba ne, kowa a ofishinmu ya sani, amma wannan ko mai haƙuri sai ya yi magana.

Kakana haƙar rijiya ce sana'arsa. Daga ƙauyukan bayan Dutse har wajejen Ringim, da wuya ka shiga gari ka rasa rijiyar da ya haƙa ko ya yashe. Ƙasarmu kuwa ba ta da sauƙi, ka sa diga ka ci karo da dutse. Shi sai ya zagaya fili, ya dubi itatuwa da suri, ya kafa sanda ya ce a nan za a haƙa. Ya rasu ina cikin mahaifiyata, shi ya sa aka mayar mini da sunansa. Saboda haka kakata, Iya, ba ta taɓa kirana da sunana ba. Matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji, yana raye ko ya mutu. Shi Malam take ce masa, ni kuma Maigida. In na tsokane ta na ce amarya ina tuwona, sai ta ce mijin da ba ya kawo cefane ba shi da bakin tambaya.

Wani abokin aikina ne ya ja ni zaman da aka yi wata Asabar, inda aka koya mana yadda ake sa rubutu a kundin ilmin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu a ciki. Ka rubuta, wasu masu dubawa da ba ka san su ba su karanta, in ya yi musu su karɓa. A watan ne na je ƙauye na tarar an rufe rijiyar da ya haƙa a ƙofar masallaci da siminti, tunda an kawo burtsatse. Na tambayi samarin da ke zaune a kan murfin wa ya haƙa ta, suka dubi juna. Da na faɗa wa Iya, ta ce ai duk waɗanda suka san shi sun tafi, saura ita, in ta bi su shi ke nan. Ni da ɗan banzan cika baki na ce ta kwantar da hankalinta, zan sa sunansa inda duniya za ta gani tana raye. Ta dubi wayata ta ce a cikin wannan abar? Na ce a cikinta.

Na koma ɗakina a unguwar Limawa na zage na rubuta. Na ce gwarzo ne, na ce ya shayar da al'umma, duk inda sunansa ya fito na bi shi da Allah ya jiƙansa. Kwana biyu aka dawo da shi. Wai yabo ya yi yawa, a cire addu'a, a cire Malam, a bar suna tsirara. Mutumin da ko hakimi ba ya kiran sunansa gatsal! Na haɗiye, na ce gidan wasu na shigo, na goge.

Na biyu ya fi ban haushi. Da na yi rajista sunana na sa, sunana kuwa nasa ne. Sai mai dubawa ya rubuto mini, cikin ladabi har da gaisuwa, cewa ba a yarda mutum ya yi rubutu a kan kansa ba. Ni? Ni da ko guga na ja sai tafin hannuna ya yi kanta? Na zauna na yi masa bayanin takwara kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya, alhali daga yadda yake rubutu na san Bahaushe ne, ƙila shi ma sunan kakansa gare shi. Ya ba da haƙuri, ya ce to in bayyana a fili cewa ni jika ne. Na bayyana.

A na ukun ne aka zo kan madogara. Kowace magana sai an nuna inda aka buga ta, littafi ko jarida. Na ce kakata tana nan da ranta, ita ta riƙa kai masa fura bakin rami, tana iya lissafa garuruwan ɗaya bayan ɗaya. Aka ce baki ba madogara ba ne. Na hau mashin na zagaya na ɗauko hotunan rijiyoyin da suka rage, aka ce wannan bincikena ne na kaina. Wato tsohuwar da ta ga abu da idonta ba shaida ba ce, sai wanda ya ji a bakinta ya kai wa maɗaba'a.

Na shiga neman takarda kamar mai neman allura a rairayi. Daga ƙarshe, a ɗakin karatu, na samo wani ɗan littafi na tarihin garuruwanmu, wanda wani malamin makaranta ya buga tun ina goye. Shafi guda cur a kan rijiyoyin. Na fara murna, sai idona ya sauka kan sunan. Ba na kakana ba ne, na yayansa ne. Shi wannan yayan fataucin hatsi ya yi har ya mutu, kuma kowa a dangi ya san ko leƙa rijiya ba ya yi, jiri yake ji. Na aika wa mai dubawa shafin, na ce ga aikin a rubuce amma an yi kuskuren suna. Ya ce abin da littafi ya ce shi za a bi, in ina so in rubuta a kan yayan, za a karɓa. Ranar, da ban tuna wayar ta aro ce ba... a'a, tawa ce, amma saura kaɗan in buga ta da bango.

Na yi tambaya aka ce marubucin yana nan a Ringim, ya yi hedimasta ya yi ritaya. Na shiga mota na same shi a ƙofar gida, tsoho tukuf, da tabarau mai kauri. Na gaishe shi sama-sama na buɗe masa shafin, na ce ranka ya daɗe wa ya ba ka wannan? Bai yi fushi ba. Ya ce yana tune, bayan rasuwar mai rijiyar ya je gidan, maza duk suna gona, matar ta fito zaure.

Ya ce, "Daga bakin kakarka na rubuta. Sau uku ina tambayarta sunan mai aikin, tana sunkuyar da kai. A na ukun ta ce mutanen gidan Alhaji wane ne. Ni kuma na rubuta Alhaji wane."

Gida kuwa da sunan babba ake kiransa, babban shi ne yayan. Hedimasta ya ce har yanzu yana aika rubutu wata jaridar Hausa, zai iya gyarawa a can. Amma ba da maganata ba, don 'ya'yan yayan suna riƙe da littafin nan suna alfahari da shi. Daga bakin da ya ɗauka, daga nan zai sauya. A raina na ce kai ma ashe irinsu ne.

Abin da na yi wa Iya a ranar ba na jin daɗin tuna shi. Na shiga ko zama ban yi ba, na ce ashe ke kika ba da rijiyoyin mijinki kyauta. Na ce wata uku ina faɗa da mutanen da ban taɓa gani ba, ashe ɓarnar daga cikin gida take. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita ba ta san takarda za ta fi ta tsawon rai ba. Ta ce tun ranar da aka kawo ta gidan nan sunan bai taɓa bi ta bakinta ba, ba ta faɗa yana ji ba, yanzu don wani yaro a cikin waya za ta faɗa a bayansa? Na ce to shi ke nan, a bar wa mai hatsi. Na fita ban yi sallama ba.

Bayan mako guda ta aiko a ce mini in kawo malamin nan mai littafin.

Da hantsi muka iso. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ita ta zauna daga bakin ƙofa ta ja mayafi har goshi. Ta lissafa garuruwan tsaf, ta faɗi inda aka yi wata biyu ana fasa dutse, da inda rami ya rufta ya danne masa ƙafa. Hedimasta yana rubutawa. Da ya gama ya ɗago kai.

Ya ce, "Hajiya, a gafarce ni. Mene ne sunan mai aikin?"

Ina jin kaji suna tono a tsakar gida. Na buɗe baki zan ce a bari, na fasa, kuma wannan fasawar tawa ce, ba ta masu dubawa ba. Sai ta faɗa, sau ɗaya, a hankali.

Na ce, "Na'am."

Wallahi ban san na amsa ba. Sunana ne, kuma ban taɓa jin sa da muryarta ba. Ta ja mayafin ta rufe fuska gaba ɗaya, ta dafa bango ta tashi ta shige ciki.

Gyaran ya fito a jarida. Na sa shi a matsayin madogara, aka karɓi rubutun. An yanke duk abin da jaridar ba ta kawo ba, ya rage layi huɗu, an kuma liƙa sanarwa a samansa cewa yana buƙatar ƙarin madogara. Ƙarin daga ina, ni dai ban sani ba.

Na kai mata wayar na nuna mata, na ce ga shi, duniya tana gani. Ta kawo fuskarta kusa da gilashin duk da ba ta karatun boko, ta tambaya wanne ne shi. Na ɗora yatsa a kan layin sama, mai manyan baƙaƙe. Na ce in karanta mata?

Ta ce, "Bar shi, Maigida. Ai na riga na faɗa."