Ogan ɗin da Na Ƙera a Kakuri

A shekarun da ake gina masaƙar farko a Kakuri, tun Turawa ba su tafi ba, ina aiki a sashen wayar tangaraho na reluwe, da yamma kuma in gyara wa mutane rediyo a zauren gidan da muke haya. Rediyon wancan zamani akwati ne mai nauyi, cikinsa akwai 'yan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki da muke kira bawul, kuma sai sun yi zafi yake fara magana.

Wata rana aka kawo mini wani da ya daina magana ya koma fito. In na kai hannu kusa da wata waya a cikinsa sai fiton ya yi sama, in na janye ya sauko. Mai hankali gyarawa zai yi ya sallami mai shi. Ni kuwa na zauna ina kai hannu ina janyewa, har na lura ana iya fitar da waƙa daga wannan lalacewar. A ranar na yanke shawarar zan ƙera abin kiɗan da ba tsirkiya, ba fata, ba busa, lantarki kawai.

Ba ni da littafi sai abin da aka koya mana a reluwe, saboda haka da gwaji na koya. Na tattara gawarwakin rediyo na cire musu bawul. Na gano cewa in ka goga fensir sosai a kan katako har ya yi baƙin layi mai kauri, wuta na bi ta cikinsa, kuma inda ka taɓa da waya shi ke sa murya ta yi kauri ko ta sirance. Na yanyanka garwar kananzir na yi maɓallai, kowanne ya sauka a gurbinsa kan layin. Wata da watanni ɗakinmu na warin dalma.

Matata, wadda ba mu daɗe da aure ba, ta jure. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, in ka gama koya wa akwatin kuka, sai ka koya masa yin shiru."

Wanda ya yarda da ni tun farko maƙwabcinmu ne, wani bakanike Ibo mai gareji a bakin titi, da muke kira Oga. Shi ya ara mini batirin mota. Shi ne kuma babbar murya a ƙungiyar mawaƙan wata ƙaramar coci ta jinka da ke bayan layin dogo, inda danginsa da mutanen kudancin lardin Zariya ke haɗuwa su yi ibada da harshen Hausa. Cocin ba ta da ogan, wato abin kiɗan nan mai maɓallai da ke raka waƙar coci, kuma abin na damunsa.

"Malam," in ji shi, "wannan abu naka zai iya waƙar coci?"

"Oga, zai iya waƙar da ba a ma ƙirƙiro ba."

Matsalar ita ce ni Musulmi ne, ban san waƙarsu ko ɗaya ba, yatsuna kuma ba su saba ba. Sai na ce to akwatin ya riƙa kaɗa kansa. Na samo injin tsohon garmaho, wanda ake wanawa da hannu, na ɗora masa guntun muciya. Na kakkafa ƙusoshi a jikinta, yadda in tana juyawa kowace ƙusa za ta danna maɓallinta a kan kari. Oga ya riƙa zuwa bayan la'asar yana rera waƙar a hankali, ni ina cire ƙusa ina matsar da ita, har akwatin ya haddace. Muciyar ta matata ce. Na gaya mata tarihi zai tuna da ita, ta ce ta fi son tuwo ya tuna da ita.

Malamin cocin, wani dattijo mai sanyin hali daga wajen Kagoro, ya amince a gwada ran Lahadi. Muka ɗauko akwatin a baro. Na zauna a gefe kusa da taga da hulata, na haɗa batir, na wana garmaho.

Baiti na farko ya tafi daidai. Muryar akwatin ta fito kamar sarewa mai mura, amma waƙar ce, kowa ya gane ta. Na ga wata tsohuwa tana share hawaye, na fara tunanin wane suna zan raɗa wa ƙirƙirata in gwamna ya tambaya.

Abin da ban sani ba shi ne, a gida ban taɓa barinsa a kunne ya daɗe ba, saboda ina tausayin batirin Oga. Ashe in cikin akwatin ya ɗau zafi muryarsa hawa take yi kaɗan-kaɗan. A baiti na biyu maza suka fara miƙa wuya. A na uku suka sare ɗaya bayan ɗaya, Oga ne na ƙarshe, jijiyoyin wuyansa a tashe, yana kallona ta gefen ido. Mata suka bi akwatin iya ƙarfinsu. A lokaci guda kuma wanin garmaho ya fara ƙarewa, sai waƙar ta riƙa ja kamar ba za ta kai ba. A baitin ƙarshe akwatin ne kaɗai ke yi, can sama, tare da wani kare a waje.

Da aka tashi malamin cocin ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, mun gode ƙwarai. Tun da aka kafa wurin nan ba mu taɓa kusantar sama kamar yau ba. Sai dai jama'ata ba su shirya ba tukuna."

Ni da Oga muka mayar da akwatin gida a baron.

Labari ya bazu a Kakuri. Bayan 'yan kwanaki wani mai tallar maganin gargajiya a kasuwa ya yi mini sallama, ya ce yana son akwatin nan mai kuka. Na zaunar da shi na yi masa bayanin wuta da bawul da layin fensir dalla-dalla. Ya saurara da ladabi, ya ce, "Allah ya ƙara basira, Malam. Amma kada ka gaya wa kowa."

Ya ɗauki akwatin ya tafi da shi. Ran kasuwa na je in gani. Ya lulluɓe akwatin da jan ƙyalle yana shaida wa jama'a cewa aljana ce ya kamo a kogin Kaduna, kuma hawan muryarta alama ce cewa akwai mai ciwo a cikin taron. A kowane taro kuwa akwai mai ciwo. Ban taɓa ganin mutane sun saurari kiɗana da natsuwa irin ta ranar ba. Waƙar coci ce take yi musu, ba wanda ya lura.

Abin ya tsaya mini a rai, don har yanzu ina ganin kaina maƙerin kayan kiɗa. Da wata waya ta tsinke mai maganin ya kawo gyara, sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na huda ramukan shan iska, na raba bawul da katakon fensir, na canja abin da ke saurin ɗaukar zafi. Muryar ta tsaya cak. Na kira Oga ya rera waƙar tare da shi daga farko har ƙarshe ba gargada. Muka tafa.

Mai magani ya ɗauka ya tafi. Kasuwa ta gaba sai ga shi da rana tsaka, gumi na zuba.

"Malam, me na yi maka ka kashe mini aljana? Yanzu waƙa kawai take yi. Wa zai tsaya don waƙa?"

Na ce masa yanzu ne abin ya gyaru. Ya ce shi dai a mayar masa yadda yake. Na ɗauko tsumma na toshe ramukan da na huda, na mayar da katakon gefen bawul, muka zauna a zaure muna jira ya yi zafi. Da muryar ta fara hawa fuskarsa ta saki, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce a duk Kakuri ba mai hannu irin nawa.