Yadda Na Zaɓo wa Turarena Haruffa a Fezzan

Old Maiduguri, ƙarfe shida da rabi

Ana ɗage dokar hana fita na fito da bokitin turaren wuta a ka. Ni ce Ya Fanna, tun ina budurwa nake haɗa turare, aji kuwa ban taɓa shiga ba. 'Yata Yagana ke rubuta wannan, in ta rage mini magana zan gane. Abin da ya fito da ni, sau biyu sojojin shinge suna sa ni juye bokiti a ƙasa don ba su san abin da ke ciki ba. In aka ƙara, amaren da nake yi wa haɗi sai su koma wajen wata. Shi ya sa na tafi a buga mini takardar da zan liƙa a jikin bokitin.

A shinge mai Keke Napep ya sauke mu fasinjoji tun daga nesa, muka wuce a ƙafa. Ranar ma sai da aka tona mini turare da sanda.

Unguwar Fezzan, ƙarfe tara

Bitrus mai buga takardu ya ba ni shayi, ya nuna mini rubutu iri-iri a kwamfuta. Na farko duk lanƙwasa ne, kamar lallen amarya. Na ce soja ba zai tsaya kallon lalle ba. Na biyu kowane harafi da 'yan ƙafafu, kamar kiyashi. Na uku kuwa, zagayensa kamar an kifa faifai an zana, miƙewarsa kamar taɓarya, kauri ɗaya sama da ƙasa, ba mai taka ɗan'uwansa. Na ce shi nake so.

"Mama, ke da ba ki iya karatu ba?"

"Kai ka karanta, ni gani nake. Buga, ka tsallaka titi da shi."

Ya tsallaka. Daga can ma kowane harafi tsaye yake daram. Ya so ya liƙa mini, na hana. Bokitina ba mai taɓawa. Da hannuna na liƙa a hanya.

Dawowa, ƙarfe biyu

A shinge na ɗaga bokiti. Sojan ya karkata kai, ya ƙara karkatawa har hularsa ta kusa faɗuwa, sannan ya karanta da ƙarfi: turaren wuta na Ya Fanna. Ya yi dariya, ya ce in wuce. Da muka koma cikin keke, mai keken ya raɗa mini wai a juye na liƙa. Na ce masa da gangan ne, gwada rubutun nake yi.

La'asar a gida ta same ni, ko ƙwayar turare ba ta taɓa ƙasa ba. Na gode wa Allah, na sa wa Bitrus albarka. Takardar kuwa tana nan yadda na liƙa ta, in ga mai gyara mini.