Kunkurun Ƙarƙashin Gadon Kaka

Jiya da hantsi ina zaune a falo sai na ji ƙarar farce a jikin kwali. Jikana ne ya sayo kunkuru a kasuwa, yana tambayata inda ya dace a ajiye shi a cikin gida. Wannan ƙarar ta mayar da ni ɗakin kakata a Kontagora, zamanin Turawa, ina yarinyar da ba ta gama famfara ba.

Lokacin ana yaƙin nan nasu, ana ɗiban maza zuwa haƙar kuza a Jos. Ɗiban gwamna ake ce masa, kuma ba a tambayar mutum ko yana so. A ƙarshen damina aka kira babana. Ana gobe za su tafi ya dawo daga gonarmu ta hanyar Kaboji da wani ɗan kunkuru a cikin hularsa. Ina ta kuka na riƙe masa riga, sai ya ɗora mini shi a hannu ya ce, "Riƙe mini wannan har in dawo."

Kaka tana bakin ƙofarta tana kaɗi, ko kai ba ta ɗaga ba. Babana ɗanta ne na fari, kuma kun san alkunyar mutanen da: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa hira, balle a ga hawayenta a kansa. Da safe ya durƙusa ya yi mata sallama, ta ce Allah ya kiyaye hanya tana kallon bango. Amma maganar da ya yi mini ta shiga kunnenta. Kafin azahar ta ƙwace kunkurun daga hannuna, wai ni ko kaza aka ba ni riƙo sai na kashe ta.

Daga nan aka shiga neman masa gida. A tsakar gida ba zai yiwu ba, don yaran unguwa gasa shi za su yi, masu magani kuma suna son ƙoƙon bayansa. Muka fara da tsohuwar randa mai fasasshen baki. Santsi ya yi masa yawa, da safe muka tarar ya kife yana harba ƙafafu a sama, kaka ta yi ta salati kamar gobara ta tashi. Muka koma kwando, ya haura ya faɗo. Wani maƙwabci ya ce a huda gefen ƙoƙon a ɗaure shi da igiya kamar yadda kowa ke yi. Kallon da ta yi masa ya sa bai ƙara leƙo gidanmu ba sai da wata ya juya.

A ƙarshe ta zaɓi ƙarƙashin gadonta. Gadon ƙasa ne irin na tsofaffi, mai kogo a ƙasa inda ake zuba garwashi idan sanyi ya shigo, ya gasa gadon har asuba. Ta sa na kwashe tokar tas. Na ɗebo yashi a rafi, ta haɗa da busasshen ganye ta shimfiɗa. Ta binne ɗan kasko daidai da ƙasa don ruwa, yadda zai sha ba zai nutse ba, ta tare bakin kogon da ɓallen turmi ta bar kafar iska. Kullum da hantsi mu fito da shi ya sha rana, ya ci ganyen rama da ɓawon kabewa. Matar da ba ta taɓa tambayar ko an ji labarin ɗanta ba, sau nawa a yini za ta ce mini, "Ke, ya ci abinci?"

Da lokacin girbi ya wuce, sanyi ya sauko, sai ya daina ci. Ya tona yashin ya shige ya yi shiru. Hankalin tsohuwa ya tashi. Wata Bakambara mai kawo mana itace ta leƙa, ta ce halinsu ke nan da rani, barci yake har ruwan farko. Ta ce kada a tono shi, kuma a kula da ɓera, don yakan ci ƙafafunsu suna barci.

To ga sanyi, ga gado babu wuta. Gadon ƙasa idan ba garwashi, dutse ne, zuƙe ɗumin jikin mutum yake yi. Innata ta shiga da kaskon wuta ta durƙusa.

"Iya, ku bari a mayar da shi kwando a hura muku wutar nan. Ko ku dawo ɗakina."

"In dawo ɗakinki ɓera ya cinye shi? Amana ce aka bari."

"Iya, dabba ce fa."

"Na ce amana ce."

Innata ta haƙura, suruka ba ta jayayya da uwar miji. Ta ajiye kaskon, amma ko shi kaka tura shi take can bakin ƙofa, wai hayaƙi zai dame shi. Ni nake kwana a bayanta, ina jin ƙasusuwanta suna rawa a ƙarƙashin gwado. Tari ya fara, ya sauka ƙirji. Aka dafa sassaƙe, aka karɓo rubutu, babu sauƙi. Har yau ina jin haushin manyan gidan nan. Kowa ya san abin da take gadi ba kunkuru ba ne, amma kunya ta hana kowa ya faɗa, ta hana ita ma. Ta rasu wata safiya kafin zafi ya shigo, hannunta yana reto ta bakin kogon.

Ruwan farko ya sauka, sai ga ƙarar farce a jikin ɓallen turmin. Ya fito lafiya lau, ya miƙa wuya yana neman rama. Na tsane shi a ranar, kuma na ba shi ramar.

Ba a jima ba babana ya dawo, ya rame har ban gane shi ba. A zaure aka gaya masa rasuwar. Ya shiga ɗakinta ya zauna. Ni kuwa na ɗauko amanar da hannu biyu na kai gabansa, na ce, "Baba, ga kunkurunka. Kaka ta riƙe maka."

Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Wane kunkuru?"

Ya manta. Abin rarrashin yarinya ne ya tsinta a bakin gona. Innata ta ja ni waje tana toshe mini baki, kuma har ya bar duniya babu wanda ya gaya masa dalilin da gadon ya kwana babu wuta.

Yanzu ba mai gina gadon ƙasa. Katifa ce da bargo, 'yata kuma tana kiran ɗanta na fari da sunansa, har ta rungume shi a gaban mutane. Da abin yana ba ni kunya, yanzu na daina cewa komai. Na ce wa jikana ya samo akwati mai faɗi, ya zuba yashi da ganye, ya binne kasko, ya riƙa fito da shi rana. Ya yi mamakin inda na san duk wannan. Na ce masa ya ajiye shi duk inda ya ga dama a gidan nan, ban da ɗakina.