Salular Baba ce ta zaɓa mini makaranta

"Kira su in ji muryarsu," in ji Baba, ya miƙo mini salularsa.

Muna zaune ƙofar gida a Kanan-Bakashe. Na samu bak, wato jarabawar gama sakandare, ina yi masa bayanin makarantu biyu masu koyar da haɗa sauti da kiɗa a situdiyo, ɗaya a Kano, ɗaya a Yamai. Ni dai ta Kano nake so.

Na kira Kano. Salular nan ta taɓa faɗawa randa, da roba aka ɗaure ta. Muryar mutumin ta fito kamar kwaɗo cikin tulu.

Baba ya girgiza kai. "Waɗanda ba su gyara muryarsu ba, su za su koya maka gyaran ta wasu?"

"Baba, salularka ce fa!"

"Lafiyarta lau. Kira ɗayar."

Sai cajinta ya ƙare. Na kira Yamai da tawa, murya ta fito tangaran.

"Ka ji ƙwararru!"

Ga ni yau a Yamai ina karatu. Na sayo masa sabuwa ya ƙi karɓa, wai tsohuwar ce ke gane maƙaryata.

Ku fa, wa ya zaɓa muku taku?