Zarton Ranar Lahadi

Onno Dirks ya shekara talatin da wani abu yana rabon burodi a garinmu na Emden, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya san shi ba. Motarsa dai kowa ya san ta, fara ce mai dogon baya, tana wucewa tun kafin a buɗe shaguna. Shi kansa dogo ne siriri, yana tafiya a sunkuye kamar mai tsoron buge kai da saman ƙofa. Mutanenmu dama ba su da yawan magana, amma na Onno ya yi yawa. In ka ce masa "Moin" ya ce "Moin", to gaisuwa ta ƙare, hira ma ta ƙare.

Gida ɗaya muke, tsohon bene a bayan tashar jiragen ruwa. Ni ina can hawan ƙarshe, shi yana ƙasa kusa da ƙofar baya. Da mahaifiyarsa ya zauna har ta rasu, bai yi aure ba, ba shi da kare, ko tsuntsu ba ya kiwo. Da gidan burodin ya rufe, sai ya sayi motar da yake tuƙawa, ya kawo ta tsakar gida ya ajiye a gefen duromomin shara. Ya cire kantocin ciki, ya wanke ta tas, amma ƙamshin burodi ya ƙi fita. Nufinsa ya mai da ita ɗaki irin yadda masu ritaya ke yi, a sa gado da risho da ɗan teburi, mutum ya kama hanyar kudu inda rana take. Da gadon ya fara.

Mutumin da ya yi ritaya, daga Litinin zuwa Asabar duk nasa ne. Amma ranar da Onno ya fara kunna zarton lantarki, Lahadi ce, bayan an taso daga coci. Ina jingine a tagata da filo ƙarƙashin gwiwar hannu, sai na ji ƙarar ta cika tsakar gida. A nan doka ta hana surutu ranar Lahadi, ko kwalba ba a jefawa a durom don kada ta yi ƙara. Na tabbata wannan na farkon mantuwa ce, don wanda ya daina zuwa aiki kwanaki rikice masa suke yi.

Ba a jima ba maƙwabciyarmu Frau Siems ta sauko daga hawa na biyu. Gajeriya ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ta yi rayuwarta tana sayar da tikitin jirgin ruwan da ke zuwa tsibiri, ta saba yi wa layin mutane magana ta bayan gilashi, saboda haka muryarta ba ta san a hankali ba. Ko kwat ɗin coci ba ta cire ba. Ta tsaya a bakin motar ta riƙe ƙugu.

"Herr Dirks, kalandarka ce ta faɗi bayan kabad, ko kuwa kai ne aka ba izinin soke Lahadi?"

Onno ya kashe zarton ya cire hula. Ta wanke shi tas, daga doka ta koma kan tarbiyya, ta ce marigayiyar mahaifiyarsa ko injin wanki ba ta kunnawa ranar Lahadi. Yana tsaye yana saurare, garin katako a girarsa. Da ta gama, maimakon ta tafi, sai ta leƙa cikin motar ta tambaye shi mene ne wannan abin da ya shimfiɗa. Ya ce gado ne. Ta ce ita dai ta zaci keji yake yi wa zomaye.

Lahadin da ta biyo baya ya sake kunna zarton, kuma wannan karon ba mantuwa ba ce. Na ga yadda ya yi. Ya fito da sabuwar riga, ya jera katakonsa, ya ɗaga kai ya dubi tagar hawa na biyu, sannan ya danna maɓallin.

Gara in faɗi abin da na gani tun yanzu. Faɗan nan na Frau Siems shi kaɗai ne maganar da ake yi wa Onno a mako. Tagata ba ta ɓoye mini komai, na san ba mai danna ƙararrawarsa sai mai karanta mita. Kuma a gidanmu ba a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci haka kawai don ana son zama. Sai da dalili, kuma dalilin da kowa ya yarda da shi shi ne ƙorafi. Onno ya samo hanyar da za a zo masa, ya riƙe ta hannu biyu. Abin ya ba ni dariya a farko, daga baya ya daina.

Haka gadon nan ya cinye bazara gaba ɗaya, aikin da kafinta zai gama kafin shayinsa ya huce. Da fari a tsaye ya shimfiɗa shi, daga bayan kujerar direba zuwa ƙofar baya, don ya sami wurin miƙe dogayen ƙafafunsa. Frau Siems ta ce gadon ya cinye motar, ina zai sa teburi, ko a kwance zai riƙa cin abinci? Cikin mako, ba ƙara ba motsi, ya kwance notunan da hannu, ya juya gadon a gicciye daga bango zuwa bango. Ranar Lahadi ya yanke katakon da ya yi tsawo.

Ya ɗaga gadon sama don akwatuna su shiga ƙarƙashi. Ta ce wa zai hau wannan in ba da tsani ba, ranar da ya faɗo cikin barci kada ya ce ba a gaya masa ba. Ya rage ƙafafun gadon. Ya shimfiɗa falanki guda a sama, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta ta ce katifa a kan katakon da ba ya shan iska funfuna za ta yi kafin Kirsimeti, ita ta ga yadda gadajen ma'aikatan jirgi ke ruɓewa. Wannan ta fi yi masa daɗi, don huda ramuka aiki ne mai ƙara, kuma ya raba shi Lahadi uku.

Wata rana ta ce gwiwoyinta ba za su iya tsayuwa a kan siminti saboda taurin kan wani ba. Mako na gaba sai ga ɗan akwati mai murfi a bakin ƙofar gefen motar, an goge shi da samfefa, an ɗora masa matashi. Ya ce na ajiye igiyoyi ne. Ta zauna a kai, kuma ƙafafunta sun taɓa ƙasa daidai. Daga nan faɗan ya koma na zaune. Yakan ɗora shayi a risho, ya sa dunƙulen sukari a kofi, ya zuba, ya ɗiga kirim a gefe. Takan sha ta ce bai yi ƙarfi ba, ta miƙa kofin a ƙara mata. Ba ta taɓa saukowa ba sai ta ji zarto, kuma ba ta taɓa tafiya ba tare da ta ce wannan ne gargaɗi na ƙarshe ba. Har yau ban ji ɗayansu ya kira ɗaya da sunan yanka ba.

Da kaka ta shigo, ganye ya jiƙe a bakin ƙofa, Frau Siems ta zame ta karya ƙugu. Motar asibiti ta ɗauke ta wata ranar Alhamis. Onno yana tsaye a bakin tagarsa, labule a hannu.

Ranar Lahadi ya kunna zarton kamar kullum. Wataƙila hannunsa ne ya saba, wataƙila yana fatan wani zai karɓi aikin yi masa faɗa. Ya yanka, ya dakata, ya sake yankawa. Sai Malte, wani matashi mai aikin kwamfuta da ke hawa na ɗaya, ya buɗe taga yana murmushi ya ce masa ya ci gaba da aikinsa, su ba ya damunsu ko kaɗan. Ashe maƙwabta sun yi magana a matakala, sun ce dattijo ne shi kaɗai, a ƙyale shi ya yi abin da ke sa shi farin ciki, yanzu da mai faɗan ba ta nan. Kirki suka yi nufi, ban musa ba. Amma na ji haushinsu har cikin raina, don mutanen da ke ganin sun waye su ne ba sa ganin abin da ke gaban hancinsu. Onno ya ɗaga wa Malte hannu ya ce ya gode. Ya tsaya da zarton a hannu har taga ta rufe, sannan ya naɗe wayar.

Bayan haka ɗan Frau Siems ya zo daga Hannover ya kwashe kayan sawarta da tukwanen furen da ke baranda. A matakala na tambaye shi jikinta, ya ce da sauƙi, amma da wuya ta dawo, matakalar nan ta fi ƙarfinta, yana nema mata wuri kusa da shi. Onno yana wajen akwatin wasiƙu, ya ba mu baya, yana juya makulli a ƙofar da ta riga ta buɗe. Bai tambayi wane asibiti ba. Shi ba dangi ba, ba aboki ba, a wane matsayi zai tambaya? Mutum ba ya ɗaukar fure ya je duba matar da abin da ke tsakaninsu ƙorafi ne.

Lahadi biyu ya ƙara yana kunna injin, kowace ƙarar ta fi ta baya gajarta. A ta uku na sa takalmi na sauka. Na shirya maganata tun daga sama, na tsaya inda take tsayawa, na ce masa yau Lahadi ce, mutane suna hutawa, wannan rashin mutunci ne. Ni da na yi shekaru ina daka wa fasinjoji tsawa a cikin bas, sai na ji muryata ta fito kamar ta mai tambayar hanya.

Ya kashe zarton, amma bai cire hula ba.

"Herr Poppe, kai ba haushi kake ji ba."

"Ina ji mana. Kaina har ciwo yake."

"Tausayi kake ji," in ji shi. "Koma sama, akwai sanyi."

Na duba akwatin nan mai matashi, bai ce in zauna ba, ni ma ban zauna ba. Na koma sama ina jin kunya da baƙin ciki, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ranar Talata ya gama gadon, da rana tsaka, lokacin da doka ta yarda. Ya ɗaure ƙafafun da jikin motar, ya girgiza ya ga ba ya motsi, ya yanka katifar soso da wuƙar burodi, ya shimfiɗa. Daga sama na ga ya hau ya gwada. Gado ne mai kyau, ƙasa-ƙasa, mai ramukan shan iska a jere, wanda gajeren mutum zai zauna a bakinsa ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Onno kuwa sai da ya naɗe gwiwoyi ya karkata kafin ya shiga. Ya daɗe a haka yana kallon rufin motar, ƙofar baya a buɗe.

Kafin sanyi ya kankama ya mayar wa mai gida makulli. Da safe ya tafi, irin lokacin da ya saba fita rabo. Mun haɗu a bakin ƙofa ina dawowa da jarida, ya ce "Moin", na ce "Moin". Na so in tambaye shi ina ya nufa, amma ba a tambayar mutum haka, shi ma bai faɗa ba. Ba wanda ke da lambarsa a gidan nan. Shekara talatin muna gida ɗaya, ba abin da ya taɓa sa mu nema.

Frau Siems ta dawo da furannin farko na bazara. Ta yi wa ɗanta tawaye, ta ce ba wanda zai ajiye ta a ɗakin da ake kashe mata fitila. Ta rame, tana tura ɗan keken nan da tsofaffi ke dafawa, kuma hawa biyun nan sai ta huta a tsakiya. Tagarta tana kallon tsakar gida, don haka tun ranar da ta iso ta ga motar ba ta nan. Ba ta tambayi kowa ba, ba kuma wanda ya gaya mata.

Ranar Lahadi bayan coci gidan ya yi tsit, irin shirun da ta shekara tana nema mana. Sai na ji ƙarar keken a matakala, taka ɗaya, hutu, taka ɗaya. Ta fito tsakar gida da kwat ɗinta, ta tura keken har gefen duromomin shara, ta tsaya. Ba komai a wurin sai baƙin tabon mai a kan siminti, inda injin motar ya yi ta ɗiga. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗaga kai, don ta san ina taga, kowa ya san ina taga.

"Herr Poppe, ka ga abin da ya bar mana? Mai a tsakar gida. Wannan ai laifi ne."

Na ce na gani.

Ta sake duban tabon, ta goga shi da bakin takalmi, bai fita ba. Da ta ƙara magana, karo na farko ke nan da sai da na miƙa wuya kafin na ji muryarta.

"To, wa zan gaya wa?"